Tarihin kalmar « furohibitin » da darasinsa ga masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya a Hausa

0. Gabatarwa

Wannan ɗan aiki ya samo asali ne daga wata tambaya da aka yi mana a Tunuga, cikin gundumar Gaya, jihar Doso, lokacin da muke tattara sunayen cututtuka a bakin mutanen bakin kogi. Wani mushe mai koyar da kimiyyar halitta a kwaleji ya ce mana da Faransanci yake ba da darasi, amma da Hausa da Dandanci almajiransa suke fahimta. Ya nemi mu ba shi Hausar kalmomi biyu: « mitochondrie », wadda ke cikin littafin aji, da « prohibitine », wadda ya ci karo da ita a karatunsa na kansa. Game da ta biyu har ya kawo shawara. Tun da « prohiber » na nufin hanawa, me zai hana a ce « hanau », bisa sigar « mantau » da « makarau »?

Da farko shawarar ta burge mu, domin ta bi ƙa'idar harshe, kuma tana da daɗin faɗa. Amma da muka bi diddigin kalmar, sai muka sake ra'ayi. A cikin wannan ƙasida za mu kawo tarihin kalmomin biyu da na abubuwan da suke nufi, mu nuna inda suka shafi cututtukan yankin Gaya, sannan mu fitar da darasi ga aikin ƙirƙirar kalmomi. A nan « ƙwayar rai » na nufin ƙaramin ɗakin da ake gina jikin kowane mai rai da shi, « tantani » na nufin fatar da ke kewaye da ita ko da sassanta, « ƙwayar gado » kuwa yankin ADN ne mai ɗauke da umarnin ƙera furotin guda.

1. Mitokondiri: sunan da ya bi siffa

Tun cikin shekarun 1850 Albert von Kölliker ya ga wasu ƙananan tsabobi a cikin tsoka. A 1890 Richard Altmann, Bajamushe, ya bayyana su da kyau, ya sa masu suna « bioblast », wato tsiron rai, domin ya ɗauka ƙananan halittu ne masu zaman kansu a cikin ƙwayar rai. Abokan aikinsa ba su yarda da shi ba, sunan kuma ya mutu. A 1898 Carl Benda ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, « mitos », zare, da « khondros », tsaba, ya samar da sunan da ake amfani da shi har yau. Benda bai ce komi ba game da aikin abin. Ya faɗi abin da idonsa ya gani a madubin ƙara girma ke nan: wani sa'i zare, wani sa'i tsaba. Shi ya sa sunansa ya wuce shekara 125 bai tsufa ba.

An daɗe kafin a gano aikin. Cikin shekarun 1940 Albert Claude ya samo hanyar ware mitokondiri daga hanta ta hanyar juya niƙaƙƙen nama cikin inji mai saurin gaske. A ƙarshen waɗannan shekaru Eugene Kennedy da Albert Lehninger suka nuna cewa a cikinsa ake ƙona mai da sauran abin da ya fito daga sukari. A farkon shekarun 1950 George Palade ya duba shi da madubin lantarki, ya ga tantani biyu: na waje sumul, na ciki mai ninki-ninki. A 1961 Peter Mitchell, Bature ɗan Ingila, ya bayyana yadda ƙarfi ke fitowa. Tantanin ciki yana aiki kamar madatsar ruwa ta Kainji da ke kan wannan kogi namu, can gangare cikin Najeriya. Ƙona abinci yana tura ƙananan ɓurɓushi masu caji zuwa gefe guda na tantanin, su taru kamar ruwa a bayan bango. Idan suka komo ta wata ƴar ƙofa, sai su juya injin da ke ƙera ATP, sinadarin da kowace gaɓa ke kashewa wajen aiki. An yi shekaru ana gardama da Mitchell kafin a ba shi kyautar Nobel a 1978. Abin riƙewa a nan shi ne, idan tantanin ciki ya yi yoyo ko ninkinsa ya lalace, ƙarfin ƙwayar rai ya tafi.

A 1962, a birnin Istokholm, Rolf Luft ya bayyana cuta ta farko da aka danganta da mitokondiri, a jikin wata mata mai yawan zufa da yawan ci, amma ba ta ƙiba. A 1963 Margit da Sylvan Nass suka gano cewa mitokondiri yana da nasa ADN. A 1967 Lynn Margulis ta kare ra'ayin cewa asalinsa bakteriya ne da ya shiga cikin wata ƙwayar rai ya zauna, wato dai Altmann bai yi nisa da gaskiya ba. A 1981, a Kambirij, aka karanta ADN na mitokondirin ɗan Adam baki ɗaya: harufa 16 569, ƙwayoyin gado 37, daga ciki 13 ke ba da furotin. Sauran furotin na mitokondiri, fiye da dubu, daga cibiyar ƙwayar rai ake ba da umarninsu, a ƙera su a waje, a shigo da su. Furohibitin na cikin waɗannan baƙi.

2. Yadda aka raɗa sunan

Hantar ɓera tana da wata baiwa: idan aka yanke kashi biyu cikin uku, cikin kwanaki kaɗan takan sake tsirowa, idan ta kai girmanta kuma ta tsaya. Masu binciken ciwon daji sun daɗe suna neman abin da ke tsai da ita, domin ciwon daji ba komi ba ne illa hayayyafar da ta ƙi tsayawa. A 1989 J. Keith McClung da abokan aikinsa, a wata cibiyar bincike da ke Ardmore, jihar Oklahoma ta Amurka, suka nemi saƙonnin ARN da suka fi yawa a hanta mai hutawa a kan hanta mai tsirowa. Suka sami ɗaya. Da suka zuba shi da allura a cikin ƙwayoyin rai na gwaji, sai ƙwayoyin suka daina kwafar ADN ɗinsu, wato suka daina shirin rabuwa. A 1991 sunan « furohibitin » ya riga ya hau kan taken rubuce-rubucensu. Ma'anarsa: mai hana hayayyafa.

A 1992 masu bincike na Japan suka nuna cewa ƙwayar gadon tana kan koromozom na 17 a jikin mutum, a yankin da ake neman ƙwayar gadon ciwon dajin nono a lokacin, kuma suka ba da rahoton ƴan canje-canje a cikinta a wasu ƙullutai. Sai suna da zato suka ƙarfafa juna: ga mai hani, ga shi kuma a unguwar ciwon daji.

Cikin wannan lokaci wasu suna ta cin karo da abin ta wasu hanyoyi, kowa na ba shi suna gwargwadon inda ya same shi. A 1994, a Firaiburg ta Jamus, aka ga furotin biyu manne da wata na'urar fararen ƙwayoyin jini masu ƙera garkuwa, aka kira su BAP32 da BAP37. A 1999, a jihar Ilinoi, aka sami wani furotin mai rage aikin sinadarin mata na estirojen, aka kira shi REA. Ta bayyana cewa BAP32 shi ne furohibitin, BAP37 da REA kuma abu ɗaya ne, ɗan'uwansa. Yau ana kiransu PHB1 da PHB2. Na farko yana da guraye 272 na asid amine, na biyu 299, ƙwayar gadonsa kuma tana kan koromozom na 12. Abu biyu, sunaye biyar ko shida, kowane suna da nasa zato.

3. Yadda sunan ya rabu da abin

A 1995 Elina Ikonen da abokan aikinta, a Haidelbag, suka nuna cewa mazaunin furohibitin shi ne mitokondiri. Wannan ya zo da mamaki, domin a cibiyar ƙwayar rai ake sa ran samun mai tsai da kwafar ADN. A 1996 kuma, daga cikin rukunin Oklahoma ɗin kansa, Eldon Jupe da abokansa suka nuna cewa hanin da aka gani yana fitowa ne daga wutsiyar saƙon ARN, ɓangaren da ba a fassara shi zuwa furotin ko kaɗan. Ke nan an raɗa wa furotin suna da aikin da takardar aikensa ta yi.

Daga nan bincike ya koma kan yisti, abin nan da ke kumbura burodi, domin shi ma yana da furohibitin biyu masu kama da namu. A 1997 aka ga cewa yistin da aka cire wa su yana saurin tsufa. A 1999, a Munik, Thomas Langer da abokansa suka nuna cewa PHB1 da PHB2 suna haɗuwa su zama babban gini a tantanin ciki, kusa da wani anzim mai daddatsa furotin da suka lalace, kuma suna daidaita aikinsa. A shekara ta 2000, a Amstadam, Leo Nijtmans da abokansa suka kawo ra'ayin cewa ginin yana riƙe sababbin furotin har su sami wurin zama. Su ma sun ga suna ya saɓa da aiki, sai suka ba da shawarar a bar harufan PHB yadda suke, a sake masu karatu da Ingilishi, su ba da ma'anar furotin masu riƙe sassan da ba su ƙeru da kyau ba. Mai nazarin harshe zai lura da wani abu a nan. Kalmar Latin « prohibere » ta ƙunshi « pro », gaba, da « habere », riƙe. Sabon karatun ya komo ga saiwar kalmar ba da niyya ba.

A 2005 aka ga ginin yisti da madubin lantarki kamar zobe mai faɗin nanomita 20 da ƴan kai. A 2025 masu bincike na Gottingen suka dube shi a cikin ƙwayar ran mutum da aka daskarar, suka ga siffar ƙararrawa mai sassa 11. A 2008, a Kolon, Carsten Merkwirth da Langer suka cire PHB2 daga ƙwayoyin ran ɓera. PHB1 shi ma ya ɓace, domin ɗaya ba ya zama sai da ɗaya. Wani furotin mai suna OPA1, mai kula da ninkin tantani, ya daddatse fiye da kima, ninkin ya rushe, mitokondiri ya gutsuttsure, ƙwayoyin kuma suka daina rabuwa. Wannan shi ne juyin da ya fi girma a tarihin kalmar: abin da aka kira mai hana hayayyafa, ga shi idan babu shi hayayyafar ce ke tsayawa. Haka kuma a ƙullutan ciwon daji da yawa an same shi ya ƙaru ne.

4. Furohibitin da cututtuka

Tun da kowace gaɓa tana bukatar ƙarfi, ba abin mamaki ba ne a ga sunan a cututtuka masu nisa da juna. Ɓeran da aka cire wa PHB1 ko PHB2 gaba ɗaya yana mutuwa tun yana ciki. Idan a ƙwaƙwalwa kaɗai aka cire PHB2, kamar yadda aka yi a Kolon a 2012, jijiyoyi suna lalacewa, furotin tau kuma ya canja irin canjin da ake gani a cutar Alzheimer. Idan a ƙwayoyin da ke ƙera insulin ne, kamar yadda aka yi a Janeba a 2013, ɓeran yana kamuwa da ciwon sukari. A 2009 Marta Artal-Sanz da Nektarios Tavernarakis, a tsibirin Kirit na Girka, suka sami wani sakamako mai harshen damo a jikin wata ƴar tsutsa ta gwaji: rage furohibitin yana gajarta ran tsutsa lafiyayya, amma yana tsawaita ran wadda hanyar insulin ɗinta ta raunana. A 2017, a Dalas, rukunin Beth Levine ya nuna cewa idan mitokondiri ya fashe, PHB2 ne ke zama alamar da masu shara na ƙwayar rai ke kamawa su kwashe shi. A tsutsar gwaji wannan hanya tana taimakawa wajen share mitokondirin uba bayan shigar ciki. Mu ma ta wajen uwa muke gadon namu.

Ana kuma samun ɗan furohibitin a tantanin waje na wasu ƙwayoyin rai. A 2004, a Yustan, aka yi amfani da wanda ke kan jijiyoyin jinin kitse a matsayin adireshi, aka aika masa da guba, ɓeraye masu teɓa suka rame. Wajibi ne mu ja hankalin mai karatu: yawancin waɗannan sakamako daga yisti, tsutsa da ɓera suka fito, kuma babu wani magani da aka amince a ba marasa lafiya wanda aka ƙera domin furohibitin.

5. Ina ruwan Tunuga?

Yankin Gaya shi ne mafi samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Ga kogin Isa, ga fadamu da gonakin shinkafa, ga iyakar Najeriya ta wajen Kamba, ga ta Benin ta wajen Malanbil. Cututtuka uku na irin wannan ƙasa sun haɗu da labarinmu.

Na farko masassarar cizon sauro. A Gaya ne Nijar ta ƙaddamar da allurar rigakafinta ga yara a watan Satumba na 2024. Ƙwayar cutar, falasmodiyom, tana da mitokondiri guda ɗaya tak, kuma akwai maganin da ke kashe ta ta nan: atobakon, wanda ke cikin Malarone, yana toshe hanyar da ke cika madatsar da muka ambata. Tsadarsa ta sa matafiya daga Turai suka fi shan sa. A 2018 masu bincike na Jamus da Holan suka nuna cewa falasmodiyom na ɓera yana da wani furohibitin na daban, kuma idan aka cire shi cajin tantaninsa yana faɗuwa, ya kasa kammala rayuwarsa a cikin sauro.

Na biyu taifot, cutar gurɓataccen ruwa. Bakteriyarta tana sanye da wata riga ta sukari mai suna Vi. A 2004, a Niyu Delhi, Amita Sharma da Ayub Qadri suka nuna cewa rigar tana kama furohibitin na ƙwayoyin hanji, ta rage ƙarar da hanjin ke kaiwa ga garkuwar jiki. Da wannan riga ta Vi ake ƙera alluran rigakafin taifot na yau.

Na uku sammore, cutar shanu da ƙudan tsando ke yaɗawa, wadda makiyayan da suka daɗe suna ƙetarawa zuwa arewacin Benin suka sani sarai. Ita ma ƙwayarta mitokondiri ɗaya gare ta, mai dunƙulen ADN, kuma magunguna biyu da ake yi wa shanu allura da su, diminazen da izometamidiyom, suna taruwa a wannan dunƙule. A 2010, a ƙasar Cek, aka nuna cewa rage furohibitin a ƙwayar yana raunana mitokondirinta. Sai dai tun da mu ma muna da irin wannan furotin, duk maganin da za a nufe shi da shi dole ya iya bambanta namu da na baƙo.

6. Darasi ga harshe

Aikin daidaita Hausa ya yi nisa tun taron Bamako na 1966, da makarantun gwaji da aka fara a Damagaram a 1973, da dokar rubutu ta 1999. A watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Ke nan kalmomin da muke ƙirƙira yau suna iya shiga littafin aji gobe, kuma abin da ya shiga littafin aji yana da wuyar fita.

Sunan da ke ɗauke da tsohon zato ba baƙo ba ne. « Malariya » da Italiyanci na nufin mugunyar iska, « paludisme » kuma ciwon fadama, dukansu sun girmi binciken Laveran na 1880 da na Ross na 1897. Zabarmawa sukan ce « heemar ize », ɗan kaka, suna nuni da lokacin da ciwon ke yawa. « Zazzaɓin cizon sauro » suna ne na bayan Ross, shi ya sa yake koyar da mai faɗarsa ya nemi gidan sauro. « Vitamine » na Casimir Funk, na 1912, ya ce dukansu amine ne, alhali ba haka ba ne. Hausa ta ari sautin ta ce « bitamin », kuskuren ya tsaya a bakin ƙofa. Bafaranshe ba ya jin « prohiber » sosai a cikin « prohibitine », domin kalmar ta daskare. Amma ɗan Tunuga da ya ji « hanau » zai tambaya nan take: me yake hanawa? Mushe kuma ba shi da amsar da ta dace da binciken 1996 da na 2008.

Don haka muke ba da shawarar a raba sunayen kimiyya gida uku kafin a taɓa su. Sunan da ya bi siffa ana iya fassara shi ba tare da haɗari ba. Sunan da ya bi aikin da aka tabbatar ana iya ba shi bayanin Hausa. Sunan da ya bi zaton mai ganowa kuwa, a ari sautinsa, a bi shi da bayani, domin bayani ana iya gyara shi a bugu na gaba. Bisa wannan muka rubuta « furohibitin »: p ya koma f, wasali ya raba baƙaƙe biyu na farko kamar yadda ya faru a « furoje » da « furotin », ƙarshen kuma ya bi « bitamin ». « Mitokondiri » yana cikin gida na farko, amma « zare-tsaba » ba zai amfani ɗalibi da komi ba, ga shi kuma zai sake haɗuwa da kalmar a jarrabawa da Faransanci. Muka are ta ita ma. A aji ana iya bayyana mitokondiri da « murhun ƙwayar rai », furohibitin kuma da « madogarin tantanin ciki ».

7. Kammalawa

Mun ga cewa sunan Benda na 1898 ya dawwama domin ya tsaya ga abin da aka gani, sunan 1991 kuwa ya saɓa da abinsa cikin shekara biyar domin ya yi gaggawar faɗin aiki. Mun ga kuma cewa furotin ɗin ya shafi masassara, taifot da sammore, ko da yake har yanzu a ɗakin gwaji ne. Mun mayar wa mushen Tunuga da amsa cewa « hanau » kalma ce mai kyau, a ajiye ta domin furotin da aka tabbatar suna tsai da rabuwar ƙwayar rai, irin su p53 da Rb. Muna kira ga kwamitocin kalmomi su riƙa zama tare da likitoci da malaman kimiyyar halitta, kuma kowace kalma a bincika shekarar da aka raɗa ta da dalilin raɗa ta kafin a yanke shawarar fassara ko aro.